Karkataccen Rumman

"Lafiya lau, alhamdu lillahi, hanya ma ta yi kyau. Idon kuwa ya buɗe tangaran. Matso kusa in gan ka, rabona da in ga fuskarka sosai an fi shekara shida," in ji tsohuwa Tursunoy.

Jikanta Elyor ya ajiye jakarta a kan gadon katakon da ke ƙarƙashin rumfar inabi, ya sunkuyo da kansa. Tsohuwa Tursunoy ta kama haɓarsa, ta juya dama, ta juya hagu, yadda ake duba kankana a kasuwa.

"Ashe haka kake?" ta ce. "Da na sani da na ce wa likita ya bar mini yanata. Duk shekarun nan ina cika baki a unguwa wai jikana kyakkyawa ne."

"Sannu da dawowa, Buvi, kakata ta kaina. Ni ma na yi kewarki. Sati shida ina cin shinkafar osh da namanta a kai, har na manta akwai gidan da tsoka take ɓacewa tsakanin tukunya da faranti."

"Haƙori huɗu gare ni, ɗan nan. Ka ji tsoron Allah."

"Huɗun nan sun fi talatin ɗin wani aiki."

Haka suke, kuma duk unguwarsu a garin Urgut an san haka suke. Ita ta raine shi tun yana ɗan shekara huɗu, lokacin da uwarsa ta rasu, ubansa kuma ya bi aikin gini zuwa Rasha, sai a shekara a gan shi sau ɗaya. Da ya girma ya yi shekara uku a Tashkent a shagon fenti da kayan silin, ya dawo da wando mai matse ƙauri da kalmar "zamani" a bakinsa, ko gishiri za ka ce ya miƙo maka sai ya sa ta. Yanzu saura kwana tara bikinsa da Sitora. Kafin Tursunoy ta tafi Samarkand gidan 'yarta a cire mata yanar ido, ta kwashe komatsanta ta koma ƙaramin ɗakin da ke jikin kicin, ta bar masa babban ɗakinta ya gyara wa amarya.

Abu ɗaya ne ya hana ta zama ta sha shayi. Gobe da safe gwaggwannin amarya za su zo jere, kuma in sun gama sun ja ƙofa, dangin ango ba su da ikon ƙara ko tsinke a ɗakin. A bangon da ke kallon ƙofa kuwa ta bar suzaninta, babban zanen aikin allura da uwarta ta ɗinka mata, yana rataye inda ya shekara hamsin da takwas. So take amarya ta shigo ta tarar da shi a wurin. Don wannan ma ta tsaya kasuwa a Samarkand ta sayi ƙullin jan zaren alharini, yana nan cikin aljihun rigarta, tun a mota take taɓa shi.

"Mu je in ga ɓarnar da ka yi," ta ce.

"Ki fara shan shayi, Buvi. Bai kamata tsoho ya ga abin mamaki cikinsa babu komai ba."

"Na ga kakanka ranar da ya aske gemu, ban suma ba. Buɗe."

Ya buɗe ƙofar, ya ja gefe yana murmushi irin na wanda ya san kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Tursunoy ta tuɓe takalmanta ta shiga. Ta dubi bango, ruwan toka. Ta dubi labule, ruwan toka. Ta dubi doguwar kujera mai siraran ƙafafu, ita ma ruwan toka, an dai ɗan ƙara mata duhu. Babu darduma a bango, babu kabad ɗin tangaran mai gilashi, babu agogon da ke ƙara duk rabin awa. Ta daɗe tsaye, sannan ta ɗaga hannuwa biyu ta fara motsa baki.

"Me kike yi?" Elyor ya tambaya.

"Fatiha. Ba ka aiko mini an yi rasuwa ba."

"Wannan shi ne yayi, Buvi. Launin nutsuwa ake ce masa."

"Nutsuwa ai sai kabari. Wa ya ƙona maka ɗakin, ka ƙi faɗa?"

"Fenti ne, kala uku ma. Wannan tokar safiya, wancan tokar duwatsu, na bayanki kuma hazo."

"Toka uku. Ga tanderuna can cike da ita, kullum neman mai kwashewa nake. Da ka yi magana da na haɗa maka har da ta huɗu."

Ya danna wani abu a jikin bango. Haske ya zubo daga gefen silin, ta ɗaga kai tana neman inda ya fito, ba ta ga ƙwai ko ɗaya ba.

"Ina fitilar?"

"A ɓoye take. Yanzu ba a nuna ƙwan lantarki."

"Ita ma ta ga ɗakin ta ji kunya. Wannan fa?" Ta nuna wani dogon tulu a kusurwa, an cusa masa busasshiyar ciyawa mai farin gashi.

"Ado ne. Daga Tashkent na sa aka kawo."

"Daga Tashkent. Irinta ce fa a bakin rafin bayan gida, wadda akuyar maƙwabta ta sansana ta wuce."

"Akuya ba ta san ado ba."

"Ta dai san abin da ya mutu. To, Malam Zamani, in dangin matarka arba'in suka zo ganin ɗaki, a ina za su zauna? A kan wannan abar mai ƙafafu irin naka?"

"Mutum uku take ɗauka."

"Gwaggon Sitora ɗaya na sani, ita kaɗai mutum uku ce. Ina sanduƙina? Ina katifun zama goma sha huɗu da na jera a kansa har silin?"

Elyor ya tura wani ɓangare na bangon da yatsa ɗaya, sai ya zame gefe. Ga sanduƙin a ciki, ga katifun a ninke, ja da kore da shuɗi, an rufe su kamar abin kunya.

"Kin gani? Komai yana nan, ido dai ba ya gani. Ɗaki yana bukatar ya yi numfashi."

"Shekara hamsin da takwas ina ɗakin nan ban taɓa jin ya yi tari ba. Kai, ana jera katifa ne don baƙo ya shigo ya ga gidan nan ana kwana a cikinsa, ana maraba da mutane. Wanda ya shigo nan cewa zai yi ɓarayi sun riga shi."

"Zamani riga ne, Buvi, sa shi ake yi."

"Na ji. Amma da tsohuwar zuma ake magani."

"Tsohuwar zuma a kwalba ake ajiye ta, a rufe, a sa a lungu."

"Ni ce zumar ke nan?"

"Ni dai ban kama suna ba."

Ta ɗaga sandarta, ya goce yana dariya. A nan ne ta lura da wani abu da ba ta so ta lura da shi ba. Tafin ƙafarta yana jin ɗumi. Ƙasan ɗakin ɗumi yake fitarwa a hankali, yana hawa har gwiwoyin nan nata da suke hana ta barci duk hunturu. Ta ɗan matsa gefe, nan ma haka. Elyor ya ga ta gani.

"Bututun ruwan zafi ne a ƙarƙashi," ya ce. "Na kunna ne don ki ji. Har ƙaramin ɗakinki na sa aka ja."

Abin ya taɓa zuciyarta, don ta san yaron nan ya tuna da gwiwoyinta ba tare da ta roƙa ba. Amma ba yau za ta ba shi wannan nasarar ba.

"Wato ka sa a gasa ni a hankali kamar gurasa, don ka gaji ɗakin."

"Wa zai ci gurasa mai shekara saba'in da bakwai?"

"Da shida."

"Bara ma da shida kika ce."

"To ban canza magana ba, ni ba maƙaryaciya ba ce."

Ta juya ta fuskanci bangon da ke kallon ƙofa. Tun shigowarta take kauce masa da ido. Babu komai a jikinsa, ko ramukan tsofaffin ƙusoshin an toshe. Shafen da aka yi masa ya bambanta da sauran, yana da ɗan sheƙi da gurɓi-gurɓi kamar dutse.

"Kar ki taɓa," Elyor ya ce da sauri. "Wannan shi ne idon ɗakin. Kwana tara mai aikin ya yi yana shafa shi da hannu. Ba a jingina, ba a rataya komai, ƙusa kuwa ko a mafarki."

"Sitora ta ce haka take so?"

"Ta ce duk abin da na yi ya yi."

"Haka ni ma na ce wa kakanka kafin biki. Daga nan na shekara arba'in ina matsar da duk abin da ya ajiye." Ta gyara tsayuwa. "Ina suzanina, Elyor?"

"Yauwa. Dama jira nake ki tambaya. Zauna, ina zuwa."

Ba ta yarda da kujerar ba, sai ta zauna a ƙasa, ƙasan kuma ya karɓe ta da ɗumi. Ya dawo da ƙunshi a naɗe cikin takarda, har da kirtani mai ado. Fuskarsa cike da fara'a, irin ta ranar da ya kawo mata takardar gama makaranta.

"Bangon nan dai ba zai ɗauke shi ba, launinsa ya yi hayaniya da yawa," ya ce. "Amma ban wulaƙanta shi ba. Na sa an wanke shi, za ki ajiye a sanduƙi ko ki shimfiɗa a gadonki. Kuma akwai abin da na yi miki wanda matan gidan nan suka kasa yi tun kafin a haifi babana."

"Me ka yi?"

"Buɗe ki gani. Ke da sabon ido."

Ta kwance kirtanin, suka warware zanen a ƙasa su biyu. Ga manyan da'irori ja masu kama da rana, ga ganyaye suna zagaye su, komai yadda ta san shi. Hannunta ya tafi kai tsaye kusurwar ƙasa ta dama. A nan uwarta ta zana reshe da tawada, mai 'ya'yan rumman biyar. Biyu ne kawai aka taɓa cikewa da zare, ukun zanen tawada ne a kan farin yadi. Yau duka biyar a cike suke. Sababbin ukun jawur, sumul, suna ƙyalli da zaren roba, ɗinkin keke ne mai matsewa, ko wurin sa bakin allura babu.

"Shekara hamsin da takwas, Buvi," Elyor ya ce yana dariya. "Rumman uku kacal sun gagare ku. Akwai wani mai keken ɗinki a kasuwa, wanda yake yi wa baƙi 'yan yawon buɗe ido jakunkuna, kafin in gama shan shayi ya gama. Ku kuma a ce muku ragwaye ku ji haushi."

Tursunoy ta kafa wa kusurwar ido. Ta sa hannu a aljihu ta damƙe ƙullin zaren. Baƙin ciki ne ya cika ta, ba fushi ba, don ta ga sarai yaron da zuciya ɗaya ya yi. Laifinta ne ma, ita da ta ɗauka abin da kowace mace a garin ta sani, namijin da ya girma yana kallon zanen nan shi ma ya sani.

Shi kuwa ya ɗauka shirun na mamaki ne, sai ya ƙara wuta.

"Saura wannan," ya ce, ya sa yatsa a kan rumman na biyu, wanda ya karkace gefe, ɗinkinsa wani wuri a cunkushe, wani wuri da giɓi. "Na ce masa ranar Alhamis zan mayar ya farke shi ya sake. Wannan kam ko makaho ya shafa zai san an yi aika-aika. Ke ce kika yi shi kina gyangyaɗi, ko?"

"Nawa ne na farkon."

"To wace gwanar ce ta yi wannan? A kawo ta a ba ta lambar yabo."

"Robiya ce," ta ce. "Uwarka."

Yatsansa bai motsa daga wurin ba. Dariyar ta tsaya a fuskarsa, sannan ta sauka a hankali.

"Ba a gama suzani, ɗan nan," Tursunoy ta ce. "Duk matar da ta san allura tana barin wani wuri, don kada biki ya ƙare a gidan, kada a rasa mai zuwa ta ɗora. Uwata ta bar biyar. Ta ce duk amaryar da ta shigo ɗakin nan ta cike ɗaya a satinta na farko, ta bar sauran. Na cike nawa. Da aka kawo Robiya tana da shekara goma sha tara, bahaguwa ce, ga kewar gida, ta zauna daidai inda kake tana yi tana share hawaye, ta soki yatsa ya fi sau goma. Da ta gama muka duba, ni da ita muka yi ta dariya har kakanka ya leƙo. Na ce kawo in farke miki. Ta ce a'a, Inna, bar shi, rumman na kan bishiya ma ba ya zagaye daidai."

Elyor ya sake duban rumman ɗin. Hoto biyu kawai yake da su na uwarsa, duka a ranar biki, tana sunkuye da kai. Bai taɓa sanin akwai abin da hannunta ya yi da ya rage a gidan ba, alhali a ƙarƙashinsa ya yi ta barci har ya girma.

"Na ukun na Sitora ne," ya ce a hankali.

"Da nata ne. Yanzu na mai keke ne. Sai mu aika masa da kayan lefe, tunda shi ya shigo gidan. Har na matar ɗanka da ta jikanka ya haɗa ya cinye."

"Buvi, wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Garin neman gira dai ka tsokane ido."

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Ka taɓa tambaya? Kai da ka shekara ashirin kana goge hannun maiƙo a gefensa."

Ya yi ta shafa karkataccen rumman da babban yatsa. Can ya ɗago.

"Ana farke ɗinkin keke?"

"Ana farkewa, in mutum yana da haƙuri. Kai kuwa ko shayi ba ka jira ya huce."

"Ina almakashinki?"

Suka fito da zanen tsakar gida inda haske ya fi, suka shimfiɗa a gadon katako. Ta ba shi ƙaramin almakashinta mai lanƙwasasshen baki da allura guda, ta nuna masa yadda zai bi ta baya yana yanke zare ɗaya-ɗaya, ya juyo ta gaba ya tsince. Ita kuwa ta harɗe da butar shayi da gurasa, ta zama mai duba aiki. Wanda ya san Tursunoy ya san babu aikin da ya fi wannan yi mata daɗi a duniya.

"A hankali. Yadin ya girmi ubanka."

"A hankali nake yi."

"Haka kake riƙe allura? Kamar mai soke tsire. Kaico, Sitora ta yi asara, an ce mata mai ilimin ado za ta aura."

"Ilimina na bango ne."

"Na gani. Ka iya mayar da ɗaki kango."

"Ki dinga tausaya mini, Buvi, ango ne ni. Idan na makance a kan zaren nan fa?"

"Na san likita mai kyau a Samarkand. Amma ina gargaɗinka, in ya buɗe maka ido za ka ga ɗakin can yadda yake."

Ya yi dariya har allurar ta soke shi. Ya sa yatsan a baki.

"Ɗaya," ta ce. "Saura tara ka kamo uwarka."

Aikin da keke ya yi kafin shayi ya huce, sai da ya cinye musu wuni. Aka yi azahar yana kan na farko. Ta ɗora osh, ta dawo, ta tarar ya shiga na biyu, wuyansa ya ƙage, jajayen guntayen zare sun manne a wandon nan mai matse ƙauri. Da ta zubo abinci sai ta tura masa tsokar da ta fi girma gefensa, ta yi kamar ba ta san ta yi ba.

"Buvi, nama ya ɓata hanya, ya zo wajena."

"Ci ka yi shiru. Sabon idon ne bai gama saitawa ba."

Bayan la'asar ya tsince zare na ƙarshe. Tursunoy ta ɗaga kusurwar ta kalli rana ta cikinta. Tawadar uwarta ta kusa gogewa, wanki ya ci rabi, keke ya ci saura. Amma allurar keken ta bar ƙananan huji a jere, sun zagaye kowane rumman daidai inda zanen yake.

"To," ta ce, "mai kekenka ya yi abin kirki guda ɗaya. Ko bahaguwa ba za ta ɓata hanya ba yanzu."

Ta fara ninke zanen. Ba ta ce a mayar da shi bango ba. Ta riga ta ba da ɗakin, kuma ita ba ta kyauta ta dawo tana leƙe. In a sanduƙi zai ƙare, to ranar da Sitora ta shigo za ta kira ta ƙaramin ɗaki ta ba ta allura a can, duk da ta san ba ɗaya ba ne. Abin yana mata ciwo, amma ta ci gaba da ninkewa.

"Ina za ki kai shi?" Elyor ya tambaya.

"Lungu, wurin tsohuwar zuma. Kar ya hana ɗakinka numfashi."

 Ya shiga rumbun kaya, ta ji yana ta buruntu, ya fito da guduma da ƙusa biyu manya da tsohuwar sandar da ake zura zanen a jiki. Ya wuce ta ya shiga ɗakin toka. Ta bi shi da zanen a hannu, tana ɗingishi da sauri fiye da yadda gwiwoyinta suka saba yarda.

Ya jawo kujerar mai siraran ƙafafu ya taka. Ya ɗora bakin ƙusa a jikin bangon, ya tsaya.

"Kwana tara fa," ta ce. "Da hannu."

"Na sani."

"Ko a mafarki, ka ce."

"Buvi, in kika ƙara magana zan fasa."

"Na yi shiru. Ka dai yi bismilla, kar bangon ya ji zafi."

Ya rufe ido ɗaya ya buga. Shafen ya tsage, wani ɓallin toka mai faɗin tafin hannu ya faɗo a kan kujera. Elyor ya yi wani ɗan nishi kamar shi aka buga wa. Ya matsa ya buga ta biyu, ita ma ta ɓallo nata. Suka zura sandar, ta miƙa masa, ya rataya, ya sauko.

Suka ja baya har bakin ƙofa. Jan zanen ya kama ɗakin gaba ɗaya. Tokar da take ta zagi tun safe ta koma bayansa ta yi shiru, kowace da'ira ta fito fiye da yadda ta taɓa fitowa a tsohon bango mai furanni. Ɓoyayyiyar fitilar tana zubo haske daidai kan reshen, rumman biyu a cike, uku suna jira. Tursunoy ta ga haka sarai da sabon idonta, kuma ta ƙudura ba za ta faɗa ba sai an matsa mata.

"Ya yi kyau," Elyor ya ce, kamar wanda aka ƙwace wa magana.

"Ba laifi. Tokar taka ta samu aikin yi."

Ya karkata kai, ya ƙanƙance ido. Ƙusar dama ta fi ta hagu sauka da kusan yatsa biyu, zanen ya ɗan zube gefe guda.

"Ya karkace," ya ce. "Bari in cire ta daman in sake."

Ta tare shi da sandarta.

"Kul. Bar shi haka."

"Buvi, gwaggwannin Sitora za su gani gobe."

"Su gani. Hannun uwarka ne, ka yi gado."

Ya dube ta, ya dubi bangon, sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda take zuwa da ruwa a ido. Ya goge da bayan hannu, ya ajiye gudumar a ƙasa.

"Kin ci, tsohuwa. Na sallama."

"Dama ban zo don in faɗi ba. Ƙasan nan naka mai ɗumi dai kar ka kashe, shi kaɗai ne mai hankali a ɗakin."

Ta sa hannu a aljihu ta ciro ƙullin jan alharinin, ya yi ɗumi saboda riƙo. Ta buɗe tafinsa, wanda allura ta sassoka, ta ɗora masa.

"Ka ba amaryarka ranar da ta shigo. Ka ce mata guda ɗaya kawai. Biyun na masu zuwa ne."